Charles Elton (1900–1991): Masanin da Ya Shafe Rayuwarsa Yana Ƙidayar Ɓerayen Daji

Gabatarwa

A wannan fitowa ta mujallarmu na zaɓi in kawo tarihin wani Bature ɗan ƙasar Ingila mai suna Charles Sutherland Elton, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin ilimin dangantakar dabbobi da muhallinsu. Na san mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin harshe da mai ɗana wa ɓera tarko? Dalilina shi ne, babban binciken wannan mutum ya samo asali ne daga wani littafi da aka rubuta cikin harshen da ba nasa ba, sannan ya ginu a kan bayanan maharba da 'yan kasuwar fatu. Tambayar da ya yi ta bi kuwa ta shafi cikinmu da lafiyarmu: me ya sa dabbobin daji kan yi yawa a wata shekara har su addabi mutane, sannan a wayi gari sun mutu kamar an share su?

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Elton a birnin Mancesta ranar 29 ga watan Maris, 1900. Gidansu gidan rubutu ne. Mahaifinsa, Oliver Elton, farfesan adabin Ingilishi ne a Jami'ar Libaful, kuma mafassari ne da ya mayar da ayyukan adabi na wasu harsunan Turai zuwa Ingilishi. Mahaifiyarsa, Letitia, marubuciyar littattafan yara ce. Sai dai wanda ya fi tasiri a kansa yana yaro shi ne wansa Geoffrey, wanda ya riƙa jan sa zuwa daji da bakin ruwa yana koya masa lura da tsuntsaye da ƙwari. Geoffrey ya rasu a 1927 yana matashi.

Elton ya yi makarantar sakandare a Libaful, daga nan ya wuce Jami'ar Oksfod inda ya karanta ilimin dabbobi, ya kammala a 1922 da sakamako mai daraja ta ɗaya. A wancan zamani yawancin karatun dabbobi a ɗakin gwaji ake yin sa: a feɗe matacciyar dabba, a duba ƙasusuwanta da kayan cikinta, a kwatanta da na wata. Shi kuwa Elton abin da ya dame shi shi ne rayayyar dabba: me take ci, wa ke cin ta, nawa ne adadinta a wuri kaza, kuma me ya sa adadin yake canjawa.

Tafiyar Ƙasar Ƙanƙara

Tun bai gama jami'a ba, a 1921, malaminsa Julian Huxley ya tafi da shi a matsayin mataimaki cikin wani ayarin bincike zuwa tsibirin Spitsbergen, can ƙuryar arewacin duniya. Wuri ne mai tsananin sanyi, ba itatuwa, kuma ire-iren dabbobinsa ba su da yawa. Wannan ƙarancin ya zame masa alheri, domin ya iya bin diddigin kusan kowace halitta ya ga abin da take ci. Shi da wani masanin tsirrai, Victor Summerhayes, sun zana taswirar wa-ke-cin-wa ta wani ƙaramin tsibiri da ke kan hanyar, suka buga a 1923. Tana cikin irin waɗannan taswirori na farko da aka fara zanawa.

Ya sake komawa a 1923 da 1924. A kan hanyarsa ta dawowa a 1923 ne jirginsu ya yada zango a garin Tromso na ƙasar Norwe, ya shiga wani kantin littattafai ya sayi littafin Robert Collett a kan dabbobin ƙasar. Da harshen Norwe aka rubuta shi, don haka sai da ya haɗa da ƙamus kafin ya fahimci abin da ke ciki. A nan ya ci karo da labarin wani ɗan ɓera mai gajeriyar wutsiya da ake kira lemin. Duk bayan shekara 3 ko 4 wannan ɓera yakan hayayyafa ya cika tsaunuka, ya kwararo zuwa gonaki da garuruwa, da yawa su halaka wajen ƙetare ruwa, sannan a shekara mai zuwa a neme shi a rasa. Collett ya jera shekarun da hakan ta faru. Abin da Elton ya lura da shi shi ne, abin yana da ƙa'ida, yana zagayowa kamar damina da rani. A 1924 ya buga maƙala a kan wannan hawa da sauka na yawan dabbobi, wadda ta buɗe wani sabon fagen bincike.

Littafinsa na Farko

A 1927, yana ɗan shekara 27, ya fitar da littafin Animal Ecology, wanda ya rubuta cikin ƙasa da wata uku. Ƙaramin littafi ne mai sauƙin harshe, amma har yau ana koyar da abubuwa uku da ya bayyana a ciki. Na farko shi ne sarƙar abinci: ciyawa ta ciyar da fara, fara ta ciyar da ƙadangare, ƙadangare ya ciyar da shaho. Ya nuna cewa irin wannan sarƙa ba ta cika wuce gaɓa huɗu ko biyar ba. Na biyu shi ne dalar adadi. Duk wanda ya taɓa ganin hoton dalar gyaɗa ta Kano zai gane nufinsa: buhunan ƙasa sun fi yawa, suna raguwa har zuwa ƙololuwa. Haka ƙananan dabbobi da ake ci suke da ɗimbin yawa, manyan da ke cin su kuwa 'yan kaɗan ne. Na uku shi ne gurbi, wato sana'ar da kowace dabba take yi a cikin jama'arta. Misalin da ya bayar ya taɓo Afirka. Yanyawar ƙasar ƙanƙara tana shan ƙwan tsuntsaye, tana kuma cin ragowar naman da manyan namun daji suka bari. Kura ma a Afirka tana fasa ƙwan jimina, tana cin ragowar abin da zaki ya kashe. Ƙasa daban, dabba daban, sana'a ɗaya.

Littattafan 'Yan Fatu

Domin ya tabbatar da batun zagayowar shekaru, Elton yana buƙatar ƙidaya ta tsawon lokaci, abin da babu wani masanin kimiyya da ya taɓa tarawa. Sai ya samo ta a wurin 'yan kasuwa. Kamfanin Hudson's Bay, wanda aka kafa tun 1670, a lokacin yana sayen fatun namun daji daga maharba a arewacin Kanada, kuma akawunansa sun rubuta adadin fatun da aka kawo kowace shekara. Daga 1926 zuwa 1931 Elton ya zama mai ba kamfanin shawara. Ya shiga tsofaffin kundayen ciniki, ya kuma riƙa aika takardun tambayoyi ga ma'aikatan da ke rumfunan saye a cikin daji: bana zomo ya ƙaru ko ya ragu? An ga matattun dabbobi? Karnuka sun yi ciwo?

Sakamakon wannan aiki mafi shahara ya fito a 1942, a maƙalar da ya rubuta tare da Mary Nicholson. Sun bi lissafin fatun wata kyanwar daji ta Kanada na fiye da shekara 200, suka nuna cewa yawanta yana hawa yana sauka kusan duk shekara 10, daidai da hawa da saukar zomon da take ci. Zanen wannan lissafi yana cikin littattafan kimiyyar halittu na makarantu da yawa a duniya. A shekarar ce kuma ya fitar da babban littafinsa Voles, Mice and Lemmings, wanda ya tattara tarihin ɓarkewar ɓeraye a Turai da Kanada.

Neman Cutar da Ke Kashe Su

Gano cewa abu yana zagayowa daban, sanin dalilinsa daban. Da farko Elton ya zaci sauyin yanayi ne, har ya danganta shi da baƙaƙen tabban da kan bayyana a fuskar rana kusan duk shekara 11. Da aka jera shekarun biyu aka ga ba su tafiya tare, sai aka ajiye wannan zato. Daga nan hankalinsa ya koma kan cuta. Tunaninsa shi ne, idan dabbobi suka cunkushe, annoba za ta sami hanyar yaɗuwa ta kashe mafi yawansu, 'yan kaɗan da suka tsira su sake hayayyafa.

Batun ya wuce sha'awar masana kawai. A 1925 ya buga maƙala a kan annobar nan mai kumbura kaluluwa, wadda ƙuma ke ɗaukowa daga jikin ɓera ta sa wa mutum. Ya nuna cewa cutar tana zaune ne a jikin ɓerayen daji, don haka wanda ya san shekarar da za su yi yawa zai iya hango lokacin da mutane ke cikin haɗari. A 1931 ya yi rubutu a kan annobar da ke kashe karnukan da mutanen arewacin Kanada ke ɗaura wa kekunan ƙanƙara, ya danganta ta da ciwon da ke kama yanyawa a shekarun da ta yi yawa. Daga baya bincike ya tabbatar da cewa ciwon haukan kare yana yawo a tsakanin yanyawar wannan yanki.

Bai tsaya ga takardu ba. Daga 1925 zuwa 1928 shi da abokan aikinsa sun yi ta ɗana tarkuna a dajin Bagley kusa da Oksfod. Sun kama ɓeraye kimanin 2,000, suna feɗe kowanne, suna duba jininsa, suna ƙirga ƙuma da kaska da tsutsotsin cikinsa. Sun ga lokacin da ɓerayen suka yi ta mutuwa, amma ba su iya kama wata ƙwayar cuta guda da za su ɗora wa laifin ba.

A 1932 ya kafa wata 'yar cibiya a Oksfod mai suna Bureau of Animal Population, wato ofishin nazarin yawan dabbobi, kuma a shekarar ya zama editan farko na mujallar Journal of Animal Ecology. Cibiyar ta riƙa aika ɓerayen da aka kamo ga likitoci masu bincike. A 1937 ɗaya daga cikinsu, A. Q. Wells, ya gano wani nau'in tarin tibi a jikin ɓerayen daji. Wannan ya zama babban labari, domin kafin nan ana ganin tibi cutar mutane ce da dabbobin gida da waɗanda aka tsare. Har an yi allurar rigakafi da ƙwayar, aka gwada ta tare da allurar BCG a wani babban gwaji da aka fara a Ingila a 1950 a kan matasa fiye da 50,000, ta kuma ba da kariya mai kyau.

To, ko an kama ɓarawon ke nan? Wani matashi da ya shigo cibiyar a 1935, Dennis Chitty, ya bi ɓerayen wani yanki na ƙasar Wales shekara da shekaru. Abin da ya samu shi ne, ɓeraye sukan ragu a inda tibi ya yi yawa, sukan kuma ragu a inda babu shi sosai. Ke nan cutar tana nan, amma ba ita ke juya akalar zagayen ba. Wannan sakamako ya rushe zaton da Elton ya kashe wa shekaru fiye da 10, kuma daga cikin gidansa ya fito. A ganina nan ne darajar mutumin ta fi bayyana. Bai toshe bakin yaronsa ba. Chitty ya ci gaba da aiki a cibiyar har 1961, yana bin nasa bayanin da ya saɓa wa na maigidansa.

Masana na baya sun nuna cewa amsar ba ɗaya ba ce. Wani dogon gwaji da Charles Krebs, ɗalibin Chitty, ya jagoranta a Kanada, wanda aka buga a 1995, ya nuna cewa maƙiya da abinci ne suka haɗu suke juya yawan zomo. A 1998 kuma wasu masana a Ingila suka ba wata irin fakara ta tsaunuka maganin tsutsar ciki, sai mummunar raguwar da takan yi ta yi sauƙi ƙwarai. Ashe zaton Elton yana da gaskiya a kan wasu dabbobi, bai da ita a kan wasu.

Yaƙi da Ɓerayen Rumbu

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, Ingila ta shiga matsalar abinci, domin jiragen ruwan da ke kawo mata hatsi ana nutsar da su. Duk buhun da ɓera ya ɓata asara ce babba. Elton ya miƙa cibiyarsa ga gwamnati, ma'aikatansa suka koma nazarin gafiya da ɓeran gida da zomo a rumbuna da gonaki da magudanan ruwa. Sun gano cewa gafiyar Turai tana tsoron duk wani sabon abu da ta gani a hanyarta. Idan aka ajiye mata guba kai tsaye, sai ta ɗan taɓa, ta ji ciwo, ta warke, ba ta ƙara kusantar wannan abinci. Dabarar da suka fitar ita ce a yi 'yan kwanaki ana ajiye abinci marar guba har ta saki jiki, sannan a sa gubar a dare ɗaya. An tattara sakamakon aikin a littafi mai juzu'i 3 a 1954.

Kare Namun Daji da Baƙin Halittu

Bayan yaƙi Elton ya mayar da hankali ga kare muhalli. Yana cikin masanan da shawararsu ta kai ga kafa hukumar kula da gandun daji da namun daji ta Birtaniya a 1949. Ya kuma duƙufa a kan dajin Wytham, wanda Jami'ar Oksfod ta mallaka a 1942, yana rubuta kowace halitta da inda aka same ta, daga ƙwaron da ke cikin ruɓaɓɓen kututture har zuwa mujiya. Wannan daji a yau yana cikin dazuzzukan da aka fi nazarta a duniya, kuma aikin ne ya haifar da littafinsa na 1966, The Pattern of Animal Communities.

Amma littafin da ya fi ɗaukaka sunansa a wannan zamani shi ne na 1958, The Ecology of Invasions by Animals and Plants, wanda ya faro daga wasu jawabai uku da ya yi a rediyon BBC. A ciki ya yi gargaɗi cewa jiragen ruwa da na sama suna kwasar halittu daga nahiya zuwa nahiya, kuma baƙuwar halitta da ta bar maƙiyanta a gida takan zama bala'i. Cikin misalansa akwai na yankinmu. A 1930 aka ga sauron Afirka mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro a garin Natal na ƙasar Brazil, ana kyautata zaton jirgin ruwa ne ya kai shi daga Dakar. A 1938 da 1939 ya haddasa annobar da ta kashe dubban mutane, sai da gwamnatin ƙasar da Gidauniyar Rockefeller suka yi gagarumin aiki kafin a kawar da shi a 1940.

Wani misali da ya haɗa kare dabbobi da cuta shi ne na kurege. An shigo da tokan kurege daga Amurka zuwa Ingila a 1876, jan kurege ɗan ƙasa ya riƙa ɓacewa. Abokin aikin Elton, A. D. Middleton, ya bi yaɗuwar baƙon tun wajen 1930. Sai bayan shekaru da dama aka tabbatar da cewa baƙon yana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ba ta cika yi masa illa ba, amma tana kashe ɗan gida.

Elton ya kawo dalilai uku na kare halittu: na addini, cewa su ma suna da haƙƙin rayuwa, na jin daɗin ido da neman sani, da na amfani, domin gonar da aka share komai aka shuka abu ɗaya tak ta fi saurin faɗawa hannun ƙwari da cuta.

Iyalinsa da Rasuwarsa

Aurensa na farko bai ɗore ba. A 1937 ya auri Edith Joy Scovell, wadda ta yi suna wajen rubuta waƙoƙin Ingilishi, suka haifi 'ya'ya biyu. An san shi da rashin son taro da hayaniya. An zaɓe shi cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Birtaniya a 1953, kuma ƙungiyar ta ba shi lambar yabo ta Darwin a 1970. Da ya yi ritaya a 1967, jami'a ta rufe cibiyar da ya kafa ta haɗe ta da sashen ilimin dabbobi, abin da bai yi masa daɗi ba. Duk da haka ya ci gaba da bincike, har ya je dazuzzukan Amurka ta Kudu yana nazarin ƙwari. Ya rasu a Oksfod ranar 1 ga watan Mayu, 1991, yana da shekara 91.

Kammalawa

Elton bai yi aikinsa a Nijeriya ba, amma tambayoyinsa suna ƙofar gidanmu. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lasa da ke Jihar Borno ta yanzu, ɓera ne ke ɗauke da shi, kuma yakan fi tsananta da rani. Wata irin kainuwa 'yar asalin Amurka ta Kudu ta shigo ruwayen Legas a 1984 ta toshe wa masunta hanya. Tsutsar nan mai cinye masara, ita ma daga nahiyar Amurka, an fara ba da rahotonta a kudu maso yammacin Nijeriya a 2016. Kowanne daga cikin waɗannan yana buƙatar wanda zai san yaushe abin ya fara, ina ya bi, kuma a wace shekara ya fi muni.

A nan nake ganin mu ɗaliban harshe muna da rawar takawa. Akawun da ya rubuta adadin fatu a Kanada bai san cewa wata rana lissafinsa zai zama hujjar kimiyya ba. Mu ma muna da irin waɗannan taskoki, sai dai a ka suke. Tsofaffin manoma suna tuna shekarar fara da shekarar jan-baki da shekarar da ɓera ya cinye rumbu. Makiyaya suna da sunayen cututtukan shanu da alamominsu. Maharba sun san dabbar da ake samu a dajin kaza a da, wadda yanzu babu ita. Likitan dabbobi ko masanin muhalli da bai ji harshen ba, ba zai iya ɗebo wannan sani yadda ya kamata ba. Shawarata ga 'yan'uwa masu neman batun kundin digiri ita ce, wani ya ɗauki sunayen namun daji na yanki guda, wani ya ɗauki kalmomin cututtukan dabbobi, a rubuta wanda ya faɗa da garinsu da shekarar da abin ya faru, kafin masu sanin su ƙare.